Rikicin Mai Gida da Ɗan Haya: Abin da Ya Same Mu a Garun Malam

Ranar wata Asabar cikin watan Nuwamban 2025 na tsaya a ƙofar gidan da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana a Garun Malam, ina kallo ana loda gado da katifu da tukwane a bayan akori-kura. Mai kayan ya shekara 11 a cikin gidan, uku daga cikin 'ya'yansa a nan aka yanke musu cibi, kuma ni ne na kai shi ƙara har aka tashe shi. Kusan shekara biyu ina jiran wannan rana, amma da ta zo sai na kasa haɗa ido da matarsa. Na daɗe ina shawarar ko in rubuta wannan labari ko in bar shi a cikin gida, to amma da na lura cewa da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi irina ne, wato ma'aikata da malaman makaranta da likitoci waɗanda suka gaji gida ko gona a karkara, ko suka saya da ɗan abin da suka tara, alhali suna zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja, sai na ga akwai amfani a faɗa. Ba zan ambaci sunan mutumin ba, domin yana nan da ransa kuma yana da iyali.

Mahaifinmu ya rasu a 2019, ya bar gida mai ɗaki huɗu da sito a bakin hanya, da kuma gona eka biyu a cikin filin noman rani. Mu tara ne magada, huɗu daga cikinmu ƙanana ne 'yan makaranta, 'ya'yan amaryarsa wadda dukkanmu muke kira Inna. Bayan an yi rabo a takarda muka amince kada a sayar da komai, a bar kuɗin hayar gidan da na gonar su riƙa zuwa hannun Inna don abinci da karatun yara. Ni aka wakilta in riƙa karɓa, ba don na fi kowa sanin noma ba, sai don ana ganin ɗan boko ya san takarda. Da na nemi takardar sai na tarar babu ita. A 2014 mahaifinmu ya ba mutumin gida da gona da fatar baki, a gaban liman da maƙwabta biyu, bisa sharaɗin zai riƙa biya “in an cire tumatir.” Wannan jimla ita ce dukkan yarjejeniyar. Da ƙwarin nan da manoma ke kira sharon ya cinye tumatir a 2016, mahaifinmu ya yafe masa kuɗin shekarar gaba ɗaya, kuma har gobe ana ambaton wannan alheri nasa a unguwar.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da ake magana a kanta. A da, gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam gonakin damina ne kamar na ko'ina, ana shuka gero da dawa da gyaɗa, da kaka a girbe, a bar wa dabbobi kara. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa filayen Kadawa, sannan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ta karɓi ragamar aikin. Zangon farko na shirin an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000. An baje gonakin mutane, aka yanka su fegi-fegi, aka mayar wa masu su bayan an cire wani kaso don magudanai da hanyoyi. Tun a ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike, Tina Wallace, ta lura cewa ƙananan manoman da ba su da kuɗin taki da na ƙwadago sun fara ba da fegoginsu haya ga masu hali. Ke nan hayar gona a wannan yanki kusan sa'ar ruwan Tiga ce. Yau eka ɗaya tana ba da shinkafa da damina, tumatir ko alkama ko albasa da rani, wani ma ya ƙara da masara kafin ruwan sama ya sauka. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana cika da manyan motoci masu zuwa Kudu, masu casar shinkafa sun cika Kura, kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha buɗewa da rufewa amma ya ƙara wa filayen daraja a idon masu saye. Ƙasar ta zama haja, amma harshen da muke ƙulla ciniki da shi a kanta bai tashi daga zamanin gero da dawa ba.

A nan sana'ata ta shigo, domin nazarin harshe nake koyarwa. Bahaushe yana da kalmomi da dama na ba wa wani gona ba tare da sayarwa ba. Akwai aro, inda mai gona zai ba ka ka noma, in ka girbe ka kawo masa ɗan dami don godiya, kuma babu ranar da aka yanka maka ta fita. Akwai jingina, inda ka ba da kuɗi ka riƙe gonar har ranar da aka dawo maka da kuɗinka. Akwai noma-mu-raba. Sai kuma haya, wadda ita kanta kalmar arowa muka yi daga Ingilishi, ta shigo mana tare da mota da keke da ɗakunan Sabon Gari. Aro zumunci ne, ba a kai ƙara a kansa, kuma wanda ya karɓe gonar aro ba dalili shi ake zagi. Haya kuwa ciniki ce mai wa'adi da farashi. Abin da na fahimta a ƙarshe shi ne, mahaifinmu ya ce haya amma ya tafiyar da ita kamar aro, shi kuma ɗan hayar ya ji haya amma ya zauna zaman aro. Muddin mahaifinmu na raye wannan bai dami kowa ba, domin shi ne mai abin, yana iya yafewa yadda ya ga dama. Da ya rasu sai kuɗin ya zama na marayu, ni kuma wakili ba ni da ikon yin kyauta da abin da ba nawa ba. Ɗan hayar bai taɓa karɓar wannan bambanci ba. Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce, “Haba Malam, ai da Baba yana nan ba za a yi mini haka ba.” Kuma gaskiya ya faɗa.

Ya biya 2020 da 2021 da 2022, ko da yake a gutsure. Kuɗin gida da gona a haɗe N420,000 ne a shekara. Sai 2023 ta zo da masifu uku a jere. Idan mai karatu bai manta ba, a farkon shekarar ne canjin takardun N200 da N500 da N1,000 ya ƙafar da tsabar kuɗi a ƙasar nan, daidai lokacin da tumatir ke nuna. Tumatir ba ya jiran Babban Banki. Masu saye ba su da kuɗi a hannu, manomi ba ya yarda da tiransifa saboda 'yan ƙwadagonsa tsaba suke so, kwanduna suka riƙa ruɓewa a bakin titi. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, an riga an yi asara. Wanda ya yi saura a gona sharon ta dawo ta same shi. Sannan a ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki, kuma duk wanda feginsa ke nesa da magudana da injin ban-ruwa yake shayar da shi. Da mutumin ya zo ya ce ba shi da abin biya, ban yi musu ba. Na je gonar da kaina na ga ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Na ce masa ya bari sai shinkafa. Kuɗin makarantar ƙannena na shekarar daga albashina ya fita, kuma duk wanda ya san albashin malamin jami'a ya san ba ƙaramin abu na faɗa ba.

Shinkafa ta zo ta wuce, ban ga komai ba. Tumatirin 2024 ya zo, ya yi tsada ƙwarai a shekarar, nan ma shiru. In na buga waya sai a ce ya tafi kasuwa, in na zo sai a shimfiɗa mini tabarma a kawo fura, a yi ta ba ni haƙuri. Abin da ya sauya mini tunani wani yaro ne da na tarar yana feshi a rabin gonar. Na tambaye shi wa ya sa shi, ya ce ai maigidansa ne ya karɓi eka ɗaya haya a hannun mutuminmu, ya biya kuɗin shekara tun kafin dashe, kuma kuɗin da ya faɗa ya fi abin da mu muke karɓa a kan eka biyun. Na koma mota na zauna na kusan rabin sa'a ban tayar ba. Addininmu ya raba mabarta gida biyu: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, hadisi ingantacce kuma ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. A 2023 mutumin yana cikin kashi na farko. A 2024 ya koma na biyu, amma yana ci gaba da neman a yi masa hukuncin na farko. Ina ganin mafi yawan rikicin haya a ƙasar nan a kan wannan gaɓa yake, domin babu mai iya nuna ranar da ɗan haya ya tashi daga “ba ni da shi” ya koma “ba zan bayar ba,” kuma shi kansa ba lallai ne ya san ranar ba.

Na bi hanyar da kowa ke bi. Na kai magana wurin mai unguwa, aka kira liman, daga nan muka je gaban dagaci. A can mutumin ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ban ƙi biya ba, lokaci nake nema.” Aka ba shi wata uku, aka yi fatiha. Wata uku suka cika ya kawo N50,000 da buhun shanshera ɗaya. Dattawan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sai dai abin da ke hannunsu kunya ce kawai, wanda kuwa ya riga ya yanke shawarar jure kunya ba su da sauran abin da za su yi masa. Na kuma lura duk zaman da aka yi ni ake ba haƙuri, domin ni ne mai mota, ni ne na zo daga birni. Babu wanda ya ga Inna da yaranta huɗu a wurin, tunda ba ta zuwa zaman maza.

Daga nan na rubuta masa takardar notis da hannuna, na ba shi wata ɗaya. Da na nuna wa wani abokina lauya sai ya yi dariya ya ce in adana ta don tarihi. Dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya da jihohin ƙasar nan ke aiki da su, waɗanda asalinsu na Turawan mulki ne, sun tanadi cewa idan babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan mako notis ɗin mako ake ba shi, mai biyan wata na wata, mai biyan shekara kuwa na wata shida. Bayan wa'adin ya cika a sake ba shi takarda ta biyu ta kwana bakwai, mai sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu. Sannan a shigar da ƙara. Ya ƙara da cewa lauyoyi kan yi ta jayayya a kan ko notis ɗin ya ƙare daidai da ranar cikar shekarar haya, don haka in gaya masa ranar da shekarar mutumin ke cika. Na ce in an cire tumatir. Ya ce wace rana ce wannan a kalanda? Tumatirin da aka dasa da wuri ana gama cire shi a Fabrairu, na baya yana kaiwa Afrilu ko Mayu. Ɗaya daga cikin shaidu biyun ya rasu, ɗayan ya ce shi dai ya san bayan Babbar Salla ne. Ga shekarar manomi, ga ta Hijira, ga ta Bature, kowace da ranarta, kuma doka ɗaya kawai ta sani.

A wannan lokaci ne 'yan'uwa suka fara kawo shawarwari. Wani ya ce a cire rufin ɗaki ɗaya da sunan gyara, damina za ta ƙarasa aikin. Wani ya ce a sa kwaɗo a sito. Wani ƙanena ya ce shi zai kawo tarakta ya bi ta kan shukar. Ba zan ɓoye ba, akwai daren da na ji shawarar kwaɗon ta kwanta mini. Abin da ya hana ni, ban da tsoron Allah da tunanin yaran da ke cikin gidan, shi ne sanin cewa duk wanda ya yi haka ya mayar da kansa mai laifi, ɗan hayar da ake bi bashi ya koma mai neman diyya. Wannan ba sabon hukunci ba ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta tura 'yan sanda sun fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive da ke Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Idan gwamnan soja bai tsira ba, ina ga malamin jami'a da kwaɗonsa? Amma dole a faɗi ɗaya gefen. Mutane ba don mugunta kaɗai suke cire rufi ba, sun ga yadda shari'a ke cin shekaru ne. Shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes a kan wani fili a Surulere ta faro a 1993, ba ta ƙare ba sai a 2021, inda Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta nuna cewa bai kamata ɗan haya ya fake da kuskuren notis ya shekara da shekaru a dukiyar mutane ba, tunda sammacin kotu kansa ya isa sanarwa. Shekara 28 ke nan. Wanda ya ga haka, in ka ce masa ya bi doka sai ya ɗauka ba'a kake yi masa.

Lauyan ya shirya notis ɗin gida yadda doka ta ce, ya kuma ba ni shawarar in kai batun gona da bashi gaban alƙali, tunda dukkanmu Musulmi ne kuma maganar ta shafi dukiyar marayu. A nan ne na ci karo da abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan tafiya. Wani malamin fiƙihu da na je wurinsa a cikin birni ya buɗe mini babin haya a Muhtasar na Shehu Halil, littafin da aka rubuta a Masar fiye da shekara 600 da suka wuce kuma alƙalanmu ke hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, sai na ga kamar marubucin ya taɓa zama a Kadawa. Malaman Malikiyya sun raba gonar ruwan sama da gonar ban-ruwa. Shekarar ta farko tana ƙarewa da girbi, ta biyun kuwa da watanni ake ƙirga ta, kuma in watannin suka cika alhali akwai ɗanyar shuka a ciki, ba a tumɓuke ta, sai dai ɗan haya ya biya kuɗin ƙarin lokacin gwargwadon yadda ake biya a wurin. Wato tambayar da lauya ya yi mini, wadda na kasa amsawa, an riga an amsa ta. Haka kuma sun yi bayanin wanda zai ɗauki asara in amfani ya lalace. Idan ɓarnar daga ƙasar ta fito, kamar ƙishirwa saboda yankewar ruwa ko yawan tsutsar ƙasar ko ɓerayenta, kuɗin haya ya faɗi, domin mai gona bai ba da abin da za a amfana da shi ba. Idan kuwa daga waje ta zo, kamar fara ko ƙanƙara, kuɗin haya yana nan.

To sharon fa, ta ƙasa ce ko ta waje? Ni da malamin mun kwashe yamma guda a kan wannan. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya bi ta Sifen a 2006 kafin ya iso Afirka, kuma da fiffike yake zuwa kamar fara. Amma tsutsarsa tana iya kwanciya a cikin ƙasa, ta jira shuka ta gaba, musamman a filin da ake maimaita tumatir shekara da shekaru. Mai gona zai ce baƙuwa ce, ɗan haya zai ce 'yar gida ce, kuma kowa yana da abin kamawa. Wannan tambaya ce da ya kamata a ce malaman fiƙihu da masanan tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa sun zauna a kanta tun 2016, domin dubban mutane ne ke rigima a kanta duk shekarar da ƙwarin ya ɓarke. Haka batun yankewar ruwa: lokacin da aka yi gyaran magudanai a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya an riƙa rufe ruwa a wasu sassa, kuma na san masu gonakin da suka karɓi cikakken kuɗin haya a kan fegin da bai ga ɗigon ruwa ba. Malamin ya kuma ja kunnena a kan buhun shanshera da na karɓa, ya ce a mazhabarmu ba a ba da hayar ƙasa da abinci ko da abin da take fitarwa, ko da yake wasu malaman sun sauƙaƙa. Na ce masa in haka ne rabin Kura na cikin matsala. Ya yi murmushi bai ce komai ba.

Hukuncin ɗanyar shuka shi ne mutuminmu ya riƙe, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. A gonar damina akwai watannin da fili ke zama fayau, mai shi ya zo ya karɓi abinsa ba tare da ya taɓa ganyen kowa ba. A filin Kadawa babu wannan rana. Kafin a gama cire tumatir an yafa irin shinkafa a gefe, kafin a yanke shinkafa an tayar da irin tumatir. Duk ranar da aka zauna sai ya ce, “Allah Ya gafarta Malam, a bar ni in kwashe abin da na zuba.” An ɗage zama sau biyar cikin wata takwas, sau biyu saboda bai zo ba, kuma kowane zama yana nufin in bar ɗalibaina in kamo hanyar Zariya da sassafe. A ƙarshe alƙali ya yi abin da nake ganin shi ne daidai: ya yanka rana, ya ce daga ranar duk abin da ya shuka ya shuka wa kansa asara. Aka yi sulhu a kan sauran. Mu manya biyar muka yafe kasonmu na 2023, na yara aka bar shi a kansa tunda ba mu da ikon yafe shi. Bashin 2024 da na 2025 aka raba masa biya huɗu. Gona zai sake ta da ya yanke shinkafa, gida kuma a ƙarshen Nuwamba, wanda ya zo daidai da cikar notis ɗin lauya.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu gidaje da gonaki muna da namu laifin, kuma nawa na farko shi ne na shekara huɗu ina karɓar kuɗi ban taɓa rubuta rasit ba, ban kuma taɓa zama da mutumin na ce ga sabon sharaɗi tunda mai abin ya rasu ba. Kunya ta hana ni, kunyar kuma ta jawo abin da ya fi takarda muni. Sannan ban taɓa gyara ko taga ɗaya a gidan ba, shi ne ya yi ta liƙe-liƙe, kuma da ya kawo wannan a gaban alƙali ban sami bakin magana ba. Akwai kuma masu gonakin da ke jira ɗan haya ya shekara uku yana zuba takin gargajiya, ƙasa ta yi kyau, sannan su ninka kuɗi ko su ba wani. Akwai masu neman kuɗin shekara biyu a dunƙule daga hannun mutumin da ke cin abinci daga kwando zuwa kwando. Jihar Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya tun a dokarta ta 2011, ko da yake masu gidajen can ba su fasa ba. Hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 ta matse kowa, mai gida yana ganin kuɗin hayarsa ba ya sayen rabin abin da yake saye a da, ɗan haya yana ganin ko tsohon kuɗin ma ya fi ƙarfinsa.

Abin da nake roƙon Gwamnatin Jihar Kano da ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam ba mai tsada ba ne. A samar da takardar yarjejeniyar haya mai shafi ɗaya, da Hausar boko da ta ajami, a ajiye ta wurin dagatai da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke kowane sashe na filin. Ta faɗi ranar shiga da ranar fita da lambobi, ta faɗi ko an yarda ɗan haya ya ba wani, ta kuma faɗi yadda za a raba asara in ruwa ya yanke ko ƙwari suka sauka. Ma'aikatar Shari'a ta fassara dokar karɓar gida zuwa Hausa a karanta ta a rediyo, domin abin kunya ne a ce mai digiri uku bai san notis ɗin wata shida ba sai da lauya ya yi masa dariya, balle manomi. Jihar nan tana da zauren sasanci na babbar kotu tun 2009, tana da kotunan ƙananan basussuka tun 2019 waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60, amma mutumin Ciromawa ko Yadakwari bai san da su ba, kuma ko ya sani kuɗin motar zuwa birni ya isa ya hana shi. Me zai hana a riƙa kawo zaman Kura ko da sau biyu a wata, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da rigingimun ke yawa? Hukumar inshorar aikin gona ta tarayya kuwa tana nan tun 1987, amma a duk zirga-zirgar da na yi ban haɗu da ɗan hayar gona ko ɗaya da ya taɓa ganin jami'inta ba.

Ranar da suka tashi, Inna ta aiko da ƙwaryar gero da turmin atamfa a ba matar, domin babbar 'yarsu takwararta ce. Mutumin ya miƙo mini makullai ya ce, “Malam, a yafe mu.” Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sun koma wani gida mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Daga cikin biya huɗun da aka yanka masa ya kawo na farko a kan lokaci, na biyu ya kawo rabi. Gonar tana hannun wani yanzu, da takarda mai kwanan wata da sa hannun shaidu huɗu. Da na kai wa Inna kwafinta ta juya ta gaba da baya, ta ce in ajiye a wurina, sannan ta tambaye ni ko na ji labarin inda yaran mutumin suke zuwa makarantar allo yanzu.